Yayan Mijina Yana Neman Lamba Huɗu, Kuma Ni Ce

Assalamu alaikum Gwaggo Barira,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Laraba ta sama, domin na shiga wani hali da ko ƙawata ta kusa ban iya faɗa wa ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ko da yake wanda abin ya shafa ba ya karanta abin da aka rubuta da Hausa, ya ce ɓata lokaci ne.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu. Mijina manomi ne, muna zaune a wani ƙauye kusa da Minjibir, a babban gida inda surukata Inna Hure take da ɗakinta a tsakiya, 'ya'yanta maza da ke gida kuma kowa da sashensa. Na karanta ilimin kwamfuta, ina koyarwa kwana uku a mako. Sauran kwanakin ina yi wa wani ƙaramin kamfani da ke Rijiyar Zaki aiki daga gida, da kwamfutata da sola ɗaya da mijina Sama'ilu ya ɗora mini a kan rufin ɗakin girki. A gidan nan kowa ya ɗauka buga takardu nake yi. Ban taɓa gyara musu ba, don duk ranar da na fara bayani sai Inna ta ce in bari sai an sauke tukunya.

Ainihin aikina tantancewa ne. Kin san yanzu akwai irin manhajar nan ta AI da ake ce wa wakili, wadda ba amsa tambaya kawai take yi ba, aiki ake ba ta ta yi da kanta: ta duba, ta yanke shawara, ta tura saƙo. Wata ƙungiyar manoma ta yankinmu tana so ta ɗauki irin wannan wakili ya riƙa tura wa 'yan ƙungiya saƙon murya a waya, yaushe za a yi feshi, nawa za a zuba, da makamantansu. To wakilin nan kamar mota ne a gangare, in ya kama hanya ba ya waiwaye. Shi ya sa ake buƙatar abin da zai tsayar da shi a wurin da ka zaɓa, ka leƙa ka ga me yake shirin yi, in akwai kuskure ka gyara, sannan ka sake shi. A ofis birki muke ce masa. Mutum biyar suka ƙera nasu birkin suka kawo, kowanne da littafin jagora mai bayanin yadda ake amfani da shi. Aka cire sunayensu, mu masu tantancewa aka cire namu, aka ba mu lamba. Ni ce Lamba Huɗu. Aikina shi ne in ɗauka ban san komai ba, in bi abin da littafin ya ce kawai, in ga ko zai kai ni.

Gwaggo, guda huɗu sun kai ni, wasu da ɗingishi. Na biyar ɗin ne ya jawo wannan wasiƙa. Shafi arba'in da biyu ne. Tara na farko godiya ce zalla, kuma da yake ofis ya shafe sunayen da baƙin layi, shafukan sun koma kamar bayan zabuwa. Sai shafi shida na tarihin lissafi tun daga ƙirga da tsakuwa, sai wasu huɗu a kan dalilin da ya sa dole Afirka ta farka. Da na iso inda za a gaya mini yadda ake saka birkin a kwamfuta, jimla ɗaya na tarar: wai saka shi abu ne mai sauƙi, kamar yadda kowa ya sani. Shi ke nan, aka wuce. Misalin da aka bayar na kwafe shi harafi da harafi sau uku, bai yi aiki ba. Umarnin tsayar da wakili sunansa daban a shafi na ashirin, daban a na talatin da ɗaya, kuma daga baya na gano duka biyun ba su ne ba. Babin da zai koya maka yadda za ka saki wakilin bayan ka tsayar da shi kuwa, kan magana ne kawai, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa yana nan tafe.

Da yake shi ma wakilin dole ya karanta littafin don ya san birkinsa, na ba shi, na ce ya gaya mini matakan. Ya amsa cikin ladabi cewa birkin nan shi ne irinsa na farko a Afirka ta Yamma, kuma wanda ya ƙera shi ya zo na ɗaya a aji biyar na firamare, amma in yi haƙuri, bai ga matakai ba. Na'ura fa, Gwaggo, ita take ba ni haƙuri.

Duk wannan abin dariya ne. Ga wanda ba na dariya ba. Bayan kwana biyu ina lalube na samu birkin ya kama. A gwajin, da gangan muka sa wa wakilin kuskure: maimakon murfi ɗaya na maganin ƙwari a tankin feshin wake, zai ce murfi goma. Ya zo bakin tura saƙon, birki ya tsayar da shi, na ga kuskuren ƙarara, na ji daɗi. Sai na ji miyata tana kamawa, na tashi na juya ta. Da na dawo na tarar birkin ya saki kansa, saƙo ya tafi. Ashe in ba a taɓa shi ba cikin minti uku, sakin wakilin yake yi. Babu inda littafin ya faɗi haka, ko a cikin godiyar. Lambobin gwaji ne na ma'aikatan ofis, don haka ba wanda ya cutu, amma mahaifina ɗan ƙungiyar nan ne, ba ya karatun boko, kuma abin da waya ta faɗa masa ba ya jayayya da shi.

Na buɗe cikin manhajar da kaina na duba. Akwai layi ɗaya da in ka canza shi birkin zai jira ka har ka dawo daga Makka. Kuma wallahi a cikin biyar ɗin babu wanda aka ƙera da kyau kamar wannan, aiki ne na gwani. Amma littafi aka ce in auna, na ba shi uku cikin goma. Da yake raina a ɓace yake, na ƙara da cewa marubucin nan in baƙo ya tambaye shi hanyar gidansu zai ba shi tarihin kakansa ya bar shi a tasha. Na kuma ce shafi tara na godiya ne, amma mai karatu bai samu abin da zai gode wa ba. Na tura, har ina jin kaina.

Ranar Juma'a Yaya Ja'afaru ya zo. Shi ne babban wan mijina, yana zaune a Bacirawa, shi ya fara zuwa jami'a a zuriyar, kuma tun daga Inna har jikoki Injiniya suke ce masa. In fitila ta mutu a gidan nan sai a jira Injiniya. Watanni ke nan yana cewa yana kan wani babban aiki, amma ba zai faɗa ba saboda baki. Bayan an sauko daga masallaci an zauna cin abinci a tsakar gida, sai ya zaro takarda daga aljihu, ya ce yau zai nuna mana yadda hassada take kashe ƙasar nan. Ina durƙushe ina dama fura na ji yana karantawa yana fassarawa. Turancina ne, Gwaggo, har da wurin da na saba mantawa da waƙafi. Da ya zo maganar baƙo da tasha, ludayi ya suɓuce mini.

Sama'ilu, mutumin da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa, ya ce wannan ba shakka wani ɗan birni ne da ya kasa ƙera ko da akwatin ashana, kuma in Allah ya haɗa su zai ji a jikinsa. Aina'u matar Yaya ta ce ita ta ma san ko wane ne, wani abokin karatunsa ne mai gajeren wuya. Sai Inna ta ɗaga hannu sama ta ce, «Ya Allah ka tona asirin Lamba Huɗu, ka kunyata shi a gaban jama'a kamar yadda ya nemi kunyata ɗana.» Kowa ya ce amin. Inna ta waiwayo ta dube ni. Na ce amin. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Na ɗauka iyakarta ke nan. Sai Yaya ya ce, «Ke da kika ɗan taɓa kwamfuta, gobe ki buga mini martani.» Ranar Asabar na wuni a zaure ina rubuta ƙorafi a kan kaina, yana kai da komo yana shifta, hannu a baya. Ya ce in rubuta cewa wanda bai fahimci littafin ba bai cancanci ya taɓa birkin ba. Na yi ƙarfin hali, kaina a sunkuye, na ce, «Yaya, wannan maganar ta minti uku, da ba a rubuta ta ba?» Ya ce, «Ai kowa ya sani.» Na ci gaba da bugawa.

Ga inda na ƙara cutar kaina. Ni ba na iya ganin rubutu a karkace in bar shi. Na cire zagin, na daidaita hujjojin, na fito da ingancin birkin yadda shi bai iya fito da shi a shafi arba'in da biyu ba. Martanin ya yi kyau har ofis ya karɓe shi. Shugabarmu Hajiya Bilkisu ta kira ni ta ce ta daɗe ba ta ga rahoto mai kaifi irin nawa ba, kuma ta daɗe ba ta ga martani mai tsari irin na mutumin nan ba, don haka ta sa ranar Laraba a zauna gaba da gaba, shi da Lamba Huɗu, a warware. Ban gama ajiye wayar ba Yaya ya kira Sama'ilu ya ce a ba shi aron ni ranar Laraba in raka shi, in zauna a gefensa, don in ga yadda ake wa jahili bayani. Sama'ilu ya amsa da murna, har ya ce zai kai mu tasha.

Yanzu haka kullum da safe Inna tana sadakar waina don Allah ya gaggauta tona asirin Lamba Huɗu, kuma ni nake soyawa. Na rame. Inna ta lura, ta ce ko ciki ne.

Na yi tunanin in kira Hajiya in ce kuskure na yi, in mayar da makin bakwai, taron ya rushe. Sai in tuna Baba da tankinsa a baya. Na yi tunanin in kwanta ciwo ranar Laraba, amma kujera biyu za a tarar babu kowa, kuma Yaya ya iya lissafi. Na yi tunanin in ajiye aikin gaba ɗaya. Da ƙanin miji ne, da wasa ya rufe komai, amma wannan wa ne, shekara takwas ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Abin da ya fi damuna Sama'ilu ne. Bai taɓa ɓoye mini komai ba, ga shi na bar shi yana zagina a gabana yana neman in taya shi. Gwaggo, ya zan yi?

Taki,
Lamba Huɗu, daga wajen Minjibir

* * *

Wa alaikumus salam 'yata,

Na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya, amma da na zo kan murfi goma na daina. Daga nan zan fara, don shi ne abin da ba ya cikin ciniki. Makin nan ba naki ba ne balle ki yi kyauta da shi. Amana ce ta mutanen da za su zuba abin da waya ta ce a kan abincin da 'ya'yansu za su ci. Littafin da ya ɓoye cewa birki yana sakin kansa bai ci bakwai ba, ko da mahaifinki ne ya rubuta shi. Uku ta zauna.

Amma kada ki fita da farin kaya. An ce ki auna littafi, kika haɗa da marubucin, don kin ɗauka ba za ki taɓa ganin fuskarsa ba. Maganar baƙo da tasha ta yi daɗi, ni ma na so a ce ni na yi ta, sai dai ba ta gyara ko layi ɗaya ba, ta dai ba shi dalilin ƙin karanta sauran. Shirun Juma'a na yafe miki, ruɗewa ce, kowa zai iya cewa amin in surukarsa ta kafe shi da ido. Na Asabar kuwa da hankalinki kika yi shi. Kin zama mai ƙara, kin zama lauyan wanda ake ƙara, kuma ofishinku bai sani ba. Wannan ya fi maganar gida nauyi, don shi zai iya cin sunanki a wurin aiki.

Ki kuma duba ta wajen Yayanku. Mutum ya yi watanni yana ƙera abu mai kyau, abin da ya fara dawo masa ba'a ce daga wanda bai sani ba. Ga shi tun yana saurayi ba a taɓa ce masa ba a gane ba, sai dai a gyaɗa kai a ce Injiniya ya faɗa. Wanda aka yi shekara ashirin ana gyaɗa masa kai dole ya ɗauka kowa ya san abin da ya sani. Ba shi kaɗai ya rubuta littafin nan ba, gidanku ya taya shi.

Ki fara da Sama'ilu, yau ɗin nan, bayan ya ci abinci, ku biyu kawai. Kada ki yi doguwar shimfiɗa irin ta Yayanku. Ki ce ke ce, ki ce tsoro ne ya rufe miki baki, ki ba shi haƙuri a kan kwanakin da kika bar shi cikin duhu. Zai ji kunya, ƙila ya yi fushi, ki bar shi ya yi. Sannan ki nuna masa saƙon murfi goma. Manomi ne ɗan manomi, ba sai kin yi masa fassara ba.

Gobe da safe ki kira Hajiya Bilkisu ki gaya mata duka, har da wanda ya buga martanin. Ki roƙe ta ta ba wani mai tantancewa littafin ya sake bi daga farko, ta kuma cire ki daga taron. Ranar Laraba babu kujerar da ta dace da ke a ɗakin nan. In ta yi miki faɗa ki karɓa, faɗan da kika kai kanki ya fi wanda aka aiko a kira ki.

In ta ba ki izini, ku shirya ke da mijinki ku je Bacirawa kafin Laraba. Kada ku yi maganar a gidan gandu, inda Yaya zai kare girmansa a gaban uwa da ƙanne. Sama'ilu ya buɗe, ke ki ɗora. Ki ba da haƙuri a kan ba'ar da kuma ɓoyewar, ki tsaya nan, kada bakinki ya zarce ki ba da haƙuri a kan makin. Ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa kin buɗe cikin birkin kin ga aikin gwani, don na tabbata duk masu yabonsa a gida babu wanda ya san abin da yake yabo. In ya sauko har ana iya magana, ki ba shi shawara ya samo wanda bai taɓa ganin birkin ba, ya miƙa masa littafin, ya zauna a gefe ya kama bakinsa na rabin awa yana kallo. Abin da zai gani da idonsa ya fi rahoto goma.

Inna kuwa ki bar wa 'ya'yanta su gaya mata, ke naki gaisuwa da ladabi. Kada addu'arta ta hana ki sukuni, mai hassada ta nufa, kuma ban ga hassada a wasiƙarki ba, kaifin baki na gani da rashin ƙarfin hali.

Gargaɗi ɗaya. Na fahimci halinki, za ki ji tausayinsa ki zauna a ɓoye ki sake rubuta masa littafin tas, ya kai a yaba masa. Kada ki yi. In yana son taimakonki ya nema a fili, ofis ya sani, a kuma rubuta sunanki. Ƙila ya yi wata biyu yana amsa gaisuwarki a taƙaice, ƙila Aina'u ta daina aiko miki da cincin. Ki jure, ki ci gaba da gaishe su kamar da. Fushin da aka yi a kan gaskiya yana da ranar hucewa, kuma mutumin da ya iya ƙera abu mai kyau ba zai so a ce abinsa ya ƙona gonar kowa ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Yayanku, ya bar ku tare da Sama'ilu cikin aminci.

Gwaggonki,
Barira